Gizo da Gammo a Dajin Bama: Jawabi kan Hirar Mazan Jiya



Yau za mu taɓa zancen mazan jiya, watau sojojinmu da Ingilishi suka kwasa zuwa Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, don su yaƙi Japanawa. Muna yara akwai wani tsoho a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi wannan yaƙi. Mukan zauna a ƙofar gidansa bayan la'asar. Abin mamaki, bai cika zancen gawa ko jini ba. In an matsa masa sai ya yi shiru ya ɓare goro. Abin dariya shi yake ba mu.

Shi a runduna ta 81 yake, wadda ta sauka Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Alamar da aka ɗinka musu a kafaɗa baƙin gizo-gizo ce, an ɗauko ta daga tatsuniyar mutanen Gwalkwas, Ghana ta yau. Tsohon ya ce su Hausawa da suka gani sai suka yi ta tambayar saje, ga Gizo, to ina aka bar Ƙoƙi? 'Yan runduna ta 82 kuwa alamarsu gammo ce da māsu biyu, don haka ake tsokanarsu da 'yan dako. Amma fa tsokana ce kawai, gama kowa ya yi dakon. Dajin ba hanyar mota, harsashi da abinci duk a ka ake ɗauka.

Abincin ma daga sama yake zuwa. Jirgi ya zo ya saki kaya da lema, wasu buhunan kuma haka nan ake jefo su ba lema. Ya ce ya fi tsoron buhun shinkafa bisa ga bindigar Japanawa, domin ita bindiga ka san inda take fitowa. Ƙyallen lemar kuwa ya zama mayafi, har wasu suka yi rawani. Sa'an nan ga matsattsaku a lokacin damina, mutum ya cire takalmi ya iske sun riga shi cin abinci.

Hafsoshi Turawa da Hausa suke ba da umurni, Hausar da ba mai jinta sai wanda ya saba. Tsohon ya iya kwaikwayonsu har mu riƙe ciki. Akwai kuma jita-jitar da ta bazu cewa baƙin soja yana cin mutum. Ya ce ba su ƙaryata ba, tun da tana kore musu abokan gaba da dare.

To, jama'a, kada dariyar ta rufe mana ido. Mutanen nan su suka ci Myohaung a Janairun 1945, da albashin da bai kai na Bature ba, da yawa kuma ba su komo ba. Barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya daga wannan yaƙi suka samo suna, kullum ana wucewa ta gabansu ba a tambaya. Muna roƙon duk wanda kakansa ya bar masa irin wannan hira, ko lambar girma a ƙasan adaka, ya kawo mana mu rubuta. Ƙyallen lemar tsohon namu yana nan wurin jikarsa, tana rufe kwalla da shi.