Gishiri, Tsamiya Da Toka: Yadda Ake Tsare Abinci Ba Tare Da Guba Ba



An nemi in yi magana a kan abubuwan da ake sa wa abinci don ya ƙara kyau, ya kuma daɗe bai lalace ba, musamman waɗanda ake samu daga tsirrai da ƙasa. Na san abin da ya sa aka zaɓi wannan batu. Duk mai zuwa cefane a cikinmu ya taɓa tsayawa gaban mai wake, ya ga wake fes babu huda ko ɗaya, maimakon ya yi murna sai gabansa ya faɗi, yana tambayar kansa me aka zuba masa. Idan har kyawun abinci ya zama abin tsoro, to lalle akwai magana.

Da farko ya kamata mu san abokan gaba. Abinci ba ya lalacewa haka kawai, akwai masu cinsa kafin mu ci. Akwai ƙwari da muke gani, akwai fumfuna, akwai kuma ƙananan halittun nan da malamanmu na kimiyya suka nuna mana a madubin ɗakin gwaji, wato bakteriya. Idan ta samu laima da ɗumi, ƙwaya ɗaya na iya rabuwa biyu duk bayan minti 20. Waɗanda ba su manta lissafi ba su buga su gani: cikin awa 7 ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2. Shi ya sa miyar da aka sauke da rana a watan Afrilu ba ta kai safiya sai an ɗumama ta. Duk wata dabara ta tsare abinci, tun daga ta kakanninmu har zuwa ta manyan kamfanoni, ƙoƙari ne na hana waɗannan halittu ruwa, ko iska, ko kuma a sa musu abin da ba sa iya rayuwa a cikinsa.

Mu ɗauki kilishi, don a ganina babu darasin da ya fi shi. Ɗanyen nama kusan kashi 75 cikin 100 ruwa ne, a zafin ƙasarmu ba ya kwana lafiya. Mahauci yakan zaɓi tsoka marar kitse, ya feɗe ta siriri kamar takarda, ya shanya a kan karan dawa ko tabarma har ta bushe. Daga nan sai ya tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da gishiri da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, ya sake shanyawa, sa'an nan ya ɗan gasa. In an gama, ruwan da ya rage bai wuce kashi 10 ba. Ku lura da abin da ya faru. Rana ta janye ruwa. Gishiri ya riƙe sauran ruwan yadda bakteriya ba za ta iya amfani da shi ba. Kanumfari yana da wani mai da ake kira yujinol, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta, shi ne likitocin haƙori ke amfani da shi, kuma shi ne dalilin da ya sa iyayenmu ke danna kanumfari a haƙori mai ciwo. Citta kuwa tana jinkirta lalacewar mai, don iska ita ke sa man gyaɗa ya yi wari da ɗaci. Wuta ta zo ta ƙarasa abin da ya saura. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai iya aikin shi kaɗai, amma da suka haɗu sai ga nama yana watanni a akwatin matafiyi. Masana kimiyyar abinci a Turai sun ba wannan tsari suna a shekarun 1970, suka kira shi dabarar jera shinge: ƙwayar cutar da ta tsallake shinge na farko ta faɗi a na biyu. Mahautanmu sun riga su aikatawa, sunan ne kawai ba su sa ba.

Na tsaya a nan ne don in ja hankali ga wani kuskure da nake yawan ji, cewa wai yaji yana hana abinci ɓaci. Yaji mataimaki ne. Ku zuba citta da kanumfari iya son ranku a cikin zoɓo, in kun ɗura shi a gorar da ba a wanke da ruwan zafi ba, kuka bar shi a rana, zai ƙara kwana ɗaya ko biyu ne kawai, sa'an nan ya kumbura. Masu ƙananan sana'o'i a cikinmu da iyalanmu su riƙe wannan.

Sai tsami. Yawancin bakteriya masu sa cuta ba sa son tsami, har ma masana sun ja layi a ma'aunin tsami da muka koya a aji uku, wato pH: ƙasa da 4.6, ƙwayar da ke haddasa mummunar gubar nan ta abincin gwangwani ba ta iya girma. Madarar shanu ba ta yini, amma da zarar Bafulatana ta bar ta ta yi kindirmo, wasu bakteriya masu amfani sun mai da sukarin cikinta asid, sun kori miyagun. Haka gasarar koko take. Tsamiya da lemon tsami kuwa da nasu asid suka zo. Shi ma zuma ruwansa bai fi kashi 18 ba, ga tsami-tsami, shi ya sa yake shekaru. Sai dai likitoci sun hana ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma, don cikinsa bai yi ƙwarin da zai kashe wata ƙwaya da kan ɓuya a ciki ba.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, da yawa daga cikin lambobin nan da kuke gani a jikin gwangwani da kwalabe, masu farawa da harafin E, kayan gidanmu ne aka sa wa lamba. E330 shi ne asid ɗin lemon tsami. E334 shi ne irin na tsamiya. E100 launin gangamau ne. E300 bitamin C ne, wanda masu gidan burodi na kirki ke sa wa fulawa a madadin sinadarin bromet, da hukumar NAFDAC ta yi ta yaƙi da shi zamanin marigayiya Dora Akunyili. E414 kuwa ƙaro ne, ƙaron nan na dakwara da ake haɗa tawada da shi. Sudan ce kan gaba wajen samar da shi a duniya, Chadi da Nijeriya na biye, namu kuma daga Borno da Yobe da Jigawa yake fitowa. Shi ke hana man ƙamshi rabuwa da ruwa a cikin lemon kwalba, shi ke sa alawa ta yi santsi. Muna sayar da shi a buhu da araha, ya dawo mana a kwalba da tsada. Wannan maganar wata rana ce.

Daddawa ma haka. Idan aka dafa kalwa aka rufe ta kwana 2 zuwa 3, bakteriya na farfasa furotin ɗin cikinta, sai wani sinadari mai suna gulutamet ya fito. Shi ne ainihin abin da wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a cikin ciyawar teku a 1908, wanda daga baya aka yi farin magi da shi. Ashe ɗanɗanon da muke saye a ƙunshi muna da shi a gindin ɗorawa, kuma daddawa ta fi, don tana tafe da furotin.

To, jama'a, kada daɗin wannan labari ya kwashe mu. Akwai masu ganin duk abin da ya fito daga ƙasa ko itace ba ya cutarwa. Ban yarda da wannan ba, kuma ga dalilaina.

Kanwa uwar gami, babu gidan da ba ta. Tana sa wake ya nuna da wuri, tana sa kuɓewa da karkashi yauƙi, tana kashe tsamin miya. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, cike take da sodiyam, kuma yawanta na lalata bitamin C da bitamin B1 a cikin tukunya. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun lura da yawan masu jego da ake kawowa da ciwon zuciya da kumburin jiki. Da suka bi diddigi, sai suka danganta abin da kunun kanwa da ake ɗirka wa mai jego har kwana 40, haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Gishirin na tara ruwa a jiki, zafin na ƙara wa zuciya aiki. Iyayenmu mata da kyakkyawar niyya suke yi, amma babu awo. Mu da muka zama kakanni yanzu, mu ne za mu iya cewa a rage. Shi kansa gishirin ci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da kilishi da burodi. Da yawa a wannan ɗaki muna shan maganin hawan jini, ba sai na nuna kowa da yatsa ba.

Na biyu shi ne gubar fumfuna, wadda ake kira aflatoksin. Babu wanda ya zuba ta, fumfuna ce ke yin ta a jikin gyaɗa da masara idan an tara su ba su bushe ba. An gano ta ne bayan talotalo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar da aka kawo daga Barazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Amma ɓarnarta mafi yawa a hankali take yi, tana jawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Abin damuwa shi ne, gyaɗar da aka tsince aka ware don ta yi baƙi ko ta motse, sau da yawa ita ke ƙarewa a ƙuliƙuli da tunkuza, daga nan ta shiga yajin tsire da labun kilishin da na gama yabo. Maganinta shi ne a busar da amfanin gona sosai a kan leda ko daɓe, ba a kan ƙasa ba, a zubar da ruɓaɓɓu. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta kuma fito da wani abu mai suna Aflasafe, wanda fumfuna ce irin wadda ba ta yin guba, ana watsa ta a gona makonni kaɗan kafin fure don ta mamaye wurin ta hana muguwar.

Yanzu bari in koma ga wake, don shi ne ya fi damuna. Nijeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya, Nijar ta biyu. Duk da haka a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, ta kuma tsawaita dakatarwar a 2016, saboda maganin ƙwari mai suna diklobos, wanda shi ne ke cikin kwalbar nan ta Sniper. Dokarsu ta yarda da miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an samu waken da ya kai 4.6. Waken da Turawa suka ƙi, ina jin kun san cikin wa ya shiga. Dukkanmu mun tuna waken ɗakin cin abinci, wanda muke kwashe ƙwari a samansa da cokali muna tsokanar juna cewa an ƙara mana nama. Wancan waken, duk da muninsa, ya fi wanda aka yayyafa wa guba aminci.

Ɗan kasuwar da ke zuba magani ba don mugunta yake yi ba, tsoron asara ne, domin ƙwaro na iya mai da buhun wake gari cikin 'yan watanni. Sai a nuna masa mafita. Kakanninmu suna gauraya wake da tankaɗaɗɗiyar toka, mudu da mudu, su zuba a tulu su rufe. Masu bincike a arewacin Kamaru sun gwada wannan sun tabbatar yana aiki, don tokar na cike ramukan da ƙwaro zai bi. Wasu na sa yashi, wasu busasshen barkono ko ganyen darbejiya, kodayake waɗannan biyu ba su kai toka ƙarfi ba. Matsalar ita ce, wa zai samo tokar buhu 100? A nan ne buhun PICS ya shigo, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu masu kauri ne a cikin buhu na uku. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba a zuba komai ba, kuma muddin leda ba ta huje ba ana iya sake amfani da buhun a kaka ta gaba. Sharaɗinsa biyu ne: waken ya bushe ƙarau, a kuma kiyaye shi daga ɓera.

Saboda haka, Malam shugaban taro, ina da roƙo ga kwamitin ayyuka. A bana, cikin abin da muka saba yi wa makaranta, a ware kuɗin irin waɗannan buhuna da katakon ɗora kaya don sito, a sayi wake da masara da kaka lokacin da suke da araha, a hannun manoman da aka sani. Ni na ɗauki nauyin zuwa in nuna wa mai kula da sito da masu dafa abinci yadda ake ɗaurin, kuma zan so a bar 'yan kulob ɗin manoma su tsaya su gani. A bar musu buhu ɗaya na gargajiya a gefe, a buɗe duka biyun a gabansu bayan wata 6.