Jawabin Mushen Lakkol a Taron Ƙungiya: Yadda Yaro Ke Kama Harafi



An ce in yi bayani bisa abin da wasu iyaye suka gani suka yi mamaki, wato ƴan kilas ɗina na C.I. zaune ƙasa suna zane cikin rairayi. Har wani baba ya tambaye ni ko wasa aka turo su yi lakkol. Baba, ba wasa ba ne, karatu ne.

Ga yadda muke yi. In zan koya masu harafin m, sautinsa nake fara yi: mmm, baki rufe. Yara su ji, su maimaita, kowa ya aza yatsa bisa leɓensa ya ji yana kaɗawa. Sannan in rubuta shi babba a allo. Su zana shi cikin iska, su zana cikin rairayi, su gina shi da laka. Kashegari mu gama shi da wasali: m da a, ma, m da u, mu. Ranar da yaro ya karanta "mama" da kansa, murnarsa sai wanda ya gani. Kunne ya ji, baki ya faɗa, ido ya gani, hannu ya taɓa. In ɗaya ya manta, sauran su tuna masa.

Ba ni na ƙago dabarar ba. Wata likita ƴar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yara a Roma cikin 1907, takan yanka haruffa da takarda mai kaushi don yara su shafa. A Faransa kuma Suzanne Borel-Maisonny ta ba kowane sauti alamarsa ta hannu. Ku ma kun san irinta a makarantar allo: yaro na bin babbaƙu da yatsa yana faɗi da ƙarfi, kafin ya kai ga farfaru.

Faransanci na da wuya ga ɗan fari: sautin o kaɗai ana rubuta shi o, au, eau. A Hausa o ɗaya ne. Tun 1973 aka buɗe lakkol ta gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa. Ni ma da kalmar gida nake nuna sauti: m na masara, t na tuwo.

Yaron da ya fita C.P. bai iya gama haruffa ba, sai maimaita kilas, ƙarshe ya guje wa lakkol. Ku masu cin rani kun san zafin miƙa wa wani saƙonka ya karanta maka asirin gidanka.

Don haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, a bar yaro, mace ko namiji, minti 10 kafin magariba ya zana harafin ranar a tsakar gida. Uwa, ko ba ki yi lakkol ba, ce masa ya nuna maki abin da ya fara da k: kaza, kara, kuka. Na biyu, kada a bugi yaro don ya rikita b da d. A sa shi ya sake zanawa yana faɗi. Na uku, masu dawowa gida, a sa alli da ƙaramin allo cikin tsaraba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana su, ya maido matafiya lafiya.