Jawabi a Taron Ƙungiya: Dokar Hana Cin Zarafin Mutane

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa.

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane. Kai tsaye a Abuja take aiki, amma jihohi da yawa sun karɓe ta, saboda haka mu ma ta shafe mu.

Ga abin da dokar tarayyar ta tanada. Wanda ya yi fyaɗe, hukuncinsa na kaiwa ɗaurin rai da rai, kuma baligi ba zai sami ƙasa da shekara 12 ba. Dukan mata ko miji, har shekara 3, ko tarar har naira 200,000, ko duka biyun. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi, har shekara 2. Kaciyar mata, har shekara 4.

Jama'a, mu lura. A Arewa, sashe na 55 na Final Kod ya bar wa miji ƙofar ladabtar da matarsa bisa al'ada. To, nan Kudu Final Kod ba ta aiki. Wanda ya ɗaga hannu yana cewa "ai matata ce", alƙali ba zai karɓi wannan uzuri ba.

Rigimar bashi da saɓanin maƙwabta mu ci gaba da kai su ƙofar Sarki. Amma fyaɗe da raunata mutum ba na rufa-rufa ba ne, na hukuma ne. Addininmu ma ya riga doka hana zalunci.

Allah ya kiyashe mu. Wassalam.