Littafi Ba Kayan Ado Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya ku 'yan'uwa, ƙa'idata a karatu ita ce kaɗan kullum, ba fashi. Bayan sallar Asuba nakan karanta shafi 2 na Riyadus Salihin na Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira. In na sauke, sai in koma farko. Da dare kuma Ihya'us Sunna na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da alƙalami a hannu; inda ya shige mini duhu in sa alama, in kai wa malami. Shafi 2 kullum ya haura 700 a shekara. Wanda kuwa ya jera littattafai bai buɗe ba, gara ya tara wa abinci. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.