Hutun Mai Masana'anta da na Ma'aikacinsa

Da ƙarshen shekara ya ƙarato, masu masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai sukan shiga shawarar wurin hutu: Dubai, tsibiran Maldibs, ko Zanzibar?

Ni dai Zanzibar na zaɓa. Yawancin mutanenta Musulmi ne, samun abincin halal ba wuya, ga bakin teku, ga tsohon garinta da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Dubai kuwa, an hana 'yan Nijeriya bizarta daga 2022 zuwa 2024.

To amma Alhaji mai masana'anta, ma'aikacinka mai jemar fata a Challawa fa? Shi ma ya gaji. A ɗaukar wa ma'aikata bas zuwa madatsar ruwan Tiga, ko ruwan ɗumin Wikki da ke Yankari, ko da kwana biyu ne.