SUNA LINZAMI: JAWABI A TARON SHEKARA NA TSOFAFFIN ƊALIBAI, JAHUN

 

Ɗazu da ake kiran sunaye na ga wani abokin ajinmu bai amsa ba sai da aka maimaita sau uku. Ba kurma ba ne. An kira shi da sunan takarda ne, alhali duk Jahun da Tanko aka san shi. A kan wannan zan yi magana.

Bahaushe yakan tashi da suna biyu ko uku. Akwai na yanka, wanda ake raɗawa ran bakwai. Akwai kuma wanda mata ke laƙabawa a cikin gida, kuma wannan shi ne ke ɗauke da tarihin mutum. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo mabiyin tagwaye ne. Audi ya zo duniya bayan rasuwar mahaifinsa. Anaruwa da Azumi da Tasalla kuwa sun faɗi lokacin haihuwarsu da kansu. Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne Ajuji. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna jarirai takan sa a ɗora sabon jaririn a kan juji, wai don a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Malamai sun hana wannan, kuma sun yi daidai, amma duk inda ka ji Ajuji ka san an sha kuka a gidan.

Ba mu kaɗai ba ne. Yarabawa na kiran irin wannan yaro Malomo, wato kada ka sake tafiya, mabiyin tagwayensu kuma Idowu. A Gana, Kofi shi ne Ɗanjuma, Kwame kuma Ɗan'asabe. Ke nan Kofi Annan da Kwame Nkrumah sunan rana suka ɗauka har duniya ta san su. Smith na Ingila ma Maƙeri ne kawai.

Sunayen yanka kuwa Musulunci ne ya kawo su. A Tarihin Kano sarakunan farko su ne su Bagauda da Warisi da Gijimasu. A zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, lokacin da Wangarawa suka iso, aka ji sarki da suna Ali. Daga nan harshenmu ya tanƙwara sunayen: Abubakar ya zama Habu, Khadija ta zama Dije, Sulaiman ya zama Sule. Alkunya ta ƙara nata, domin matar da surukinta Usman ne ba za ta iya kiran ɗanta Usman ba, sai ta ce Shehu, albarkacin Mujaddadi Ɗanfodiyo. Shi ya sa cikakken sunan shugaban ƙasa na 1979 yake Shehu Usman Aliyu Shagari. Haka Maitama laƙabin Yusufu ne, kamar na marigayi Ɗanmasanin Kano. Mu nan da muke cuɗe da Fulani mun san Dikko ɗan fari ne, Sambo na biyu, Yero na uku.

Sai boko ta zo da rajista, mai neman suna biyu tilas. Yaro na jin nauyin faɗin sunan mahaifinsa, sai malami ya rubuta garinsu. Haka aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A ajinmu Musa huɗu ne, aka raba su da Aujara da Harbo da Gunka, na huɗun aka ce Musa Dogo, ya tafi da shi har takardar sakandare.

Da can abin dariya ne, yau kuwa ya zama matsala. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB, kwamfuta kuma ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Ɗan ƙanwata ya rasa shekara guda cur domin takardar firamarensa ta ce Garba, katinsa ya ce Abubakar. Sai da aka yi ta zirga-zirga zuwa Dutse ana rantsuwa a kotu.

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Mu tura mutum biyu kowace shekara su zauna da 'yan ajin ƙarshe kafin rajista, a daidaita sunan kowa da yadda ake rubuta shi. Sannan kowane ɗalibi ya tambayi kakarsa sunayen gida na danginsu da dalilin kowanne, ya kawo mana, mu buga a mujallar baɗi. Ni zan fara da nawa: sunana na gida Shekarau, kuma mahaifiyata har ta rasu tana cewa wata goma sha biyu na yi a ciki.