Farar Mayya ta Gidan Rose Hall



Yau za mu ƙetare teku zuwa tsibirin Jamaika. Kusa da birnin Montego Bay akwai wani katafaren gida mai suna Rose Hall, wanda aka gina wajen 1770 a tsakiyar gandun rake. Masu yawon buɗe ido kan biya kuɗi a zaga da su cikinsa da dare, ana ba su labarin uwargidan, Annie Palmer, wadda ake kira Farar Mayya. Wai a Haiti ta koyo tsafi, wai ta kashe mazajenta 3, ta azabtar da bayinta, har ranar da wani bawa mai suna Taku ya shaƙe ta a kan gadonta. Wai har yanzu fatalwarta na kai da kawo a matakalar benen.

To, me takardun tarihi suka ce? Annie Paterson mace ce da ta rayu, an haife ta a 1802. Ta auri John Rose Palmer a 1820, shi kuwa ya mutu a 1827, bashi ya yi masa katutu. Gandun ya kuɓuce mata, ta bar gidan, ta rasu a 1846 ba tare da wani ya sa mata hannu ba. Mai mazaje da yawa wata ce dabam, Rosa Palmer, wadda ta yi aure sau 4, ta rasu tun 1790, Annie ko haihuwarta ba a yi ba. Mata biyu ke nan aka cuɗa aka fitar da dodo guda.

Abin da zai ba mu mamaki, cikin waɗanda suka fara rubuta jita-jitar akwai Hope Waddell, ɗan mishan ɗin nan da ya zo Kalaba a 1846, wanda shahararriyar makarantar can ke ɗauke da sunansa. Shi a gandun Palmyra na maƙwabta ya ajiye labarin matar da bayi suka shaƙe. Wani ɗan jarida, James Castello, ya ƙara masa gishiri a 1868, sannan Herbert de Lisser ya mai da shi littafin ƙagaggen labari a 1929. Daga nan sunan Annie ya ɓaci.

Mu a ganinmu, almarar nan ta yi wa masu gandu rana. Ta tattara muguntar bauta ta ɗora a kan mace ɗaya, sai ka ce bulala da sarƙa aikin maita ne, alhali doka ce ta halatta su, kuma mutane masu zuwa coci ne ke cin ribarsu a Landan da Bristol.

A wannan gundumar ce, a ƙarshen Disamba 1831, dubban bayi suka yi tawaye ƙarƙashin Sam Sharpe, bawa mai wa'azi, suna neman 'yanci da ladan guminsu. Bayan an murƙushe su an kashe sama da 300 da sunan shari'a, shi kansa Sharpe aka rataye shi a Montego Bay a watan Mayu 1832. Da Ingila ta soke bauta a 1834, ta ware fam miliyan 20 na diyya, ta biya iyayen gijin, bayin ko anini ba su samu ba. Bashin da gwamnati ta ci don wannan biyan, sai a 2015 baitulmalin Ingila ya gama sauke shi.